Idon Hagu na Usta Haladu

Duk wanda ya daɗe yana shiga kasuwar hatsi ta Gadarif ya san Usta Haladu, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dattijon nan siriri mai tabon baƙin mai a gaban jallabiya, wanda in zai dube ka sai ya karkatar da kai, ya matse idon hagu kamar mai leƙen tulu. Masu dakon buhu suna ce masa mai ido ɗaya in ya ba da baya, alhali Allah biyu ya ba shi, kuma duka biyun suna gani. Sana'a ce ta bar masa wannan kallo.

Kakansa ya taso da ƙafa daga ƙasar Haɗeja da niyyar Makka. Ya iso Gadarif guzuri ya ƙare, ya ce bari ya yi yankan riɗi na kaka ɗaya ya wuce. Kabarinsa yana nan bayan unguwa. Uban Haladu ya gaji niyyar haɗe da laujen, shi ma kullum maganarsa sai bayan kaka, har ya je ya kwanta kusa da nasa uban. Haladu kuwa tun yana saurayi ya rantse ba zai ƙare a gonar wani a Simsim ba. Ya yi ta zarya a ƙofar gidan silima na gari, yana ɗauko ruwa yana share benci, har mai haska majigin, wani Balarabe da ake kira Usta Taha, ya gaji da ganinsa ya ce ya hau sama.

Silimar fili ce babba ba rufi, da farin bango a gaba. Ɗakin injin yana baya a bisa, ɗan ƙarami, mai zafi kamar gidan burodi. Inji biyu ne a ciki, in faifan fim na kan ɗaya ya kusa ƙarewa sai ɗayan ya karɓa. Kowane inji yana da ramin da haskensa ke fita, a tsakaninsu kuma akwai rami na uku, na leƙe, wanda faɗinsa bai wuce bakin finjalin gahawa ba. Ido ɗaya kawai yake ɗauka. Ta nan Haladu ya kalli duk wani fim da ya taɓa gani a duniya, idon dama a rami, na hagu a rufe.

Usta Taha mutum ne mai faɗa, amma in ya sha gahawarsa baki yakan buɗe. Shi ya nuna wa Haladu faifan ƙarfen nan mai fiffike da ke juyawa a gaban fitilar inji, yana datse haske duk sanda hoto ɗaya zai sauka wani ya hau. Ya ce masa mutanen can na ƙasa kusan rabin zamansu duhu suke kallo, ba su dai sani ba, saboda fiffiken ya fi ido sauri.

Shi ne kuma ya saka masa ƙwayar abin da ya hana shi sakat har tsufa. Wata rana ya sa shi ya miƙe yatsa gabansa, ya rufe ido ɗaya, ya buɗe ya rufe ɗayan. Yatsan ya yi tsalle gefe. To, in ji Usta Taha, kowane ido da irin abin da yake gani, kai ne ke haɗa biyun, daga nan mutum yake gane kusa da nesa. Ya ce a Alƙahira, lokacin ƙuruciyarsa, ya ga fim da aka ɗauka da kyamara biyu a jere kamar idanun mutum. Wajen haskawa aka ɗaure inji biyu da sandar ƙarfe don su juya tare, kowanne yana jefa nasa hoton a bango guda, aka sa wa bakin kowanne wani gilashi mai tace haske, aka raba wa mutane tabarau da ke bar wa kowane ido rabonsa kaɗai. Bangon ya buɗe kamar ƙofa. Ya rantse da kabarin mahaifiyarsa cewa reshen bishiya ya fito har sai da ya kare fuska da hannu.

Haladu bai yi barcin kirki ba a makon nan. Ga inji biyu iri ɗaya a gabansa, ba abin da ya rage sai sanda da faifai da tabarau. Bayan Usta Taha ya rasu, sunan usta, wato gwanin sana'a, ya dawo kansa, abu na farko da ya yi shi ne ya je wurin maƙeri aka ƙera masa sandar. Ya haɗa injinan, ya kunna su ba faifai, ya tsaya yana kallon fiffike biyu suna juyawa kamar hannu ɗaya ke juya su. Ya roƙi mai silimar ya nemo irin wannan fim daga Masar. Mutumin ya yi dariya ya ce in Allah ya yarda bayan kaka, in manoma sun sami kuɗi.

Kafin wata kakar ta kawo fim ɗin, mulki ya canza hannu, aka shigo zamanin Inƙaz, mulkin soja mai tutar addini. Da farko umarni aka kawo: duk inda mace ta bar gashi a waje ko namiji ya matso kusa da ita, a kare. Aka ba Haladu kwali. Yana leƙe ta raminsa, da ya ga 'yan fim ɗin sun fara kallon juna sai ya tare bakin inji da kwalin, bango ya yi baƙi, 'yan kallo su yi ta fito suna zagin uwarsa daga ƙasa. Yakan ce shi ma ya zama fiffike, sai dai nasa juyin kowa na gani. Daga baya aka koma datse faifan da almakashi, har ya zama yarinya tana cikin kuka sai a gan ta da jikoki. Dokar hana fita ta cinye lokacin kallo, sababbin finafinai suka daina zuwa, masu wa'azi suka sa gidan a gaba. Benci ya yi ta raguwa da mutane har wata magariba Haladu ya haska wa kuliyoyi biyu da mai sayar da gyaɗa.

Mai silimar ya sayar wa Alhaji Mujtaba, babban ɗan kasuwar hatsi, wanda ba ya son komai a wurin sai katanga da ƙofar ƙarfe. Amma tsohon mai silimar yana da sauran kunya. A gaban shaidu ya sa sharaɗi: muddin Haladu yana kwana a ɗakin sama, ba za a taɓa injinan ba. Alhaji ya karɓa da murmushi, ya sami mai gadi da ba zai taɓa guduwa ba. Ya ƙara nasa a kai, cewa ranar da Usta ya kwana a wani wuri, ranar zai kira masu sayen tsohon ƙarfe. Ya sa aka toshe manyan ramukan biyu da bulo saboda ɓarayi, aka bar ƙaramin don a riƙa leƙa buhu.

Haka Haladu ya shiga ɗakin nan, ya kuma zauna. Da rana yakan sauko ya yi sallah, ya zaga kasuwa, ya leƙa gida, amma rana ba ta faɗuwa sai yana sama. Fili ya cika da buhunan dawa da riɗi har suka rufe rabin farin bangon. Da damina, in lakar Gadarif ta kama tayar mota ta ƙi saki, yana sama yana jin ƙamshin hatsi mai gumi. Da kaka, in motocin Simsim da na Ƙala'at an-Nahal suka yi layi a ƙofa, yana sama yana leƙe. Duk Juma'a yana goge injinan, ya ɗiga musu mai, ya juya su da hannu don kada su cije. Ya yi imani za a buɗe gidan wata rana, kuma ranar za a neme shi da sandarsa. An yi bikin ƙanensa a Gallabat bai je ba. An yi zaman makokin yayarsa a wani ƙauye, ya aika da gaisuwa. Matarsa Rakiya ta yi faɗan, ta yi kukan, ta gaji ta koma aiko masa da tuwo a kwano. Ko daren da ta cika, maƙwabta ne suka kwana da gawar, shi ya zo da asuba. Wannan abu ya ci shi ƙwarai, kuma bai taɓa samun bakin faɗa wa kowa ba.

'Ya ɗaya suka haifa, Huda. Ta yi karatu, ta sami aiki a wani shagon yanka gilashin tabarau a Khartum, ta yi aure a can. Takan zo da babbar sallah, ta hau matattakalar nan tana haki, ta zauna a kan akwatin faifai tana kallon ubanta da tausayi da haushi a haɗe.

A wani zuwan ne, bayan kudancin ƙasar ya ɓalle an raba ta biyu, ta kawo masa labarin. Ta ce an buɗe ɗan ƙaramin zauren kallo a cikin wani babban kanti a Khartum, kuma abin da yake ba ta labari tun tana goye, ta gan shi da idonta. Haladu ya ajiye tsumman mai. Abu na farko da ya tambaya shi ne yadda suka ɗaure injinan biyu.

Ta ce ai inji ɗaya ne, kuma ko faifai babu a cikinsa. Shi kaɗai yake jefa hoton idon hagu, ya ɗauke, ya jefa na dama, ya ɗauke, da saurin da ba mai iya bi. Aikin raba su yana jikin tabarau. Ita da gilashi ne sana'arta, sai da ta juya shi a hannu ta duba: kowane ɓangare gilashi biyu ne a manne da wani abu mai ruwa-ruwa a tsakani, in wutar ɗan batir ta ratsa shi sai ya yi baƙi ƙirin, in ta ɗauke ya washe. A kan karan hanci akwai wani ɗan ido da ke karɓar umarni daga wata fitila a zauren wadda mutum ba ya ganin haskenta. In hoton hagu ne a bango, gilashin dama ya rufe. In na dama ne, na hagu ya rufe. Ta so ta taho masa da guda, amma ana karɓewa a ƙofa, kuma ko ta kawo, in ba fitilar nan gilashi ne kawai mai duhu-duhu.

Haladu ya ce: "Wato fiffiken suka cire daga inji suka ɗora wa mutane a hanci."

Ta ce haka ne. Ya yi 'yar dariya don jin daɗin ya gane, dariyar ta tsaya a rabi. Ya waiwaya ya dubi injinansa da sandar da ke jingine a lungu. Ba wanda zai zo neman su, ko an buɗe gidan gobe.

Huda ba ta gama ba. Ta kama haɓarsa ta juya fuskarsa wajen hasken ƙofa, ta ce ya bi yatsanta da ido. Idon dama ya bi. Na hagu ya bi kaɗan, ya gaji, ya sulale gefe. Ta ga kuma farar yana ta fara rufe idon.

"Yaba, idon nan yana tafiya," ta ce. "Abin nan da ido biyu ake ganinsa. In za ka gani, yanzu ne. Kada ka ce mini bayan kaka."

Daga Gadarif zuwa Khartum ba tafiyar da ake zuwa a dawo a yini ba ce. Huda ta je ta durƙusa gaban Alhaji Mujtaba ta roƙi alfarmar dare ɗaya. Alhaji ya ba ta shayi, ya tambayi lafiyar mijinta, ya ce shi bai taɓa ɗaure kowa ba, hanya a buɗe take, magana kuma tana nan yadda aka yi ta a gaban shaidu. Dama ya daɗe yana son ɗakin don ajiye maganin ƙwari.

Huda ta koma ita kaɗai. Haladu ya yi watanni yana juya abin. In ya tafi, injinan sun tafi, tare da duk daren da ya kwana dominsu, har da daren Rakiya. In ya zauna, zai mutu yana gadin ƙofar da bai taɓa ganin abin da ke bayanta ba. Kowace safiya yakan miƙe yatsa, ya rufe dama ya buɗe hagu, ya ga yatsan yana ƙara dusashewa. Tsoro ya kama shi sosai. Ranar wata Juma'a ya goge injinan, ya ɗiga musu mai fiye da kullum, ya rufe su da tsohon zanen Rakiya. Da gari ya waye ya sauka ya shiga mota.

Huda ta kai shi kallon la'asar. Zauren ɗan ƙarami ne, mai rufi, mai sanyi, kujerun suna lotsawa. Kafin ya zauna sai da ya juya yana neman ramin inji a bangon baya, ya same shi guda ɗaya, ya gyaɗa kai. Aka ba shi tabarau mai nauyi. Ya shafa ɗan idon da ke kan karan hanci da babban yatsa, ya yi bisimilla ya saka.

Aka kashe fitilu. Fim ɗin na tsuntsaye ne da daji. Ba a daɗe ba mutane suka fara sunkuyawa, wata mata ta yi ƙara, Huda kanta ta kauce wa wani abu tana dariya. Haladu yana zaune ƙyam. Yana ganin hoto mai kyau, tsaf, ba karce ba rawa, amma a shafe yake a bango kamar kowane hoto da ya taɓa haskawa, sai ma ɗan duhu da ya fi. Ya jira. Ya ce ko sai an jima. Ya tuna zanen Rakiya a kan injinan. Ya matsa kusa da 'yarsa ya raɗa mata cewa nasa tabarau ya lalace, ko kuma Usta Taha ƙarya ya yi masa.

Ta cire nata ta ba shi, ta karɓi nasa ta gwada. Lafiya lau yake. Ya saka nata, ya ce duk ɗaya. Sai ta leƙa fuskarsa ta gefen gilashin, a hasken da ke dawowa daga bango. Kansa a karkace yake, kuncin hagu ya tattare sama, idon a matse gam.

"Yaba," ta ce a hankali, "buɗe ɗayan idon."

"A buɗe yake."

"Wallahi a rufe yake."

Ya kai yatsa ƙarƙashin gilashin ya taɓa. A rufe yake kuwa. Tunda aka kashe fitila hoto ya hau bango, idon ya yi abin da ya saba yi tun zamanin Usta Taha, bai nemi izinin kowa ba. Sai da ya ɗaga fatar da yatsa.

Hoto ya zama biyu. Bishiya biyu, tsuntsu biyu, ɗaya yana zamewa daga jikin ɗaya, kamar ranar da inji ya karɓi ɗan'uwansa ba a daidaita su ba. Hannunsa ya tafi neman abin murɗawa a iska. Huda ta riƙe hannun ta ce ya kalli abu ɗaya kawai, ya yi haƙuri. Ya kafa ido a kan wani ganye. Hawaye ya zubo, kansa ya fara sarawa. Ganyen biyu suka matso, suka matso, suka haɗe.

Bangon ya tafi. Daji ya buɗe har can ciki, bishiya bayan bishiya, ga ruwan sama yana sauka a tsakiyar zauren, tsakaninsa da kan mutumin da ke gabansa. Wani ɗigo ya taho daidai fuskarsa. Usta Haladu ya buɗe tafin hannu ya tara.

Bai fi numfashi biyu ko uku ba. Idon hagu ya gaji ya sulale gefe, dajin ya rabe biyu ya koma bango. Ya sake gwadawa, ya kafa ido a kan dutse, a kan fiffiken tsuntsu, ya danne gefen idon da yatsa. Bai sake haɗuwa ba har aka kunna fitilu. A ƙofa ya miƙa tabarau da hannu biyu. Huda ta tambaye shi ko ya gani. Ya ce Usta Taha bai yi ƙarya ba.

Ta so ya zauna da su, mijinta ma ya roƙe shi. Ya kwana biyu yana juyi a kan katifa mai laushi, ya ce shi dai a kai shi tasha. Likitan da ta ja shi wurinsa kafin ya tafi ya ce yanar ana iya cirewa, amma idon da ya daɗe haka ba ya aiki da ɗan'uwansa da wuya ya koyi zama wuri ɗaya a waɗannan shekarun.

Alhaji Mujtaba mutum ne mai cika magana. Haladu ya hau matattakala ya tarar da ɗakin ya yi faɗi. Inda injinan suke sai ƙusoshi a ƙasa da tabon mai, galan-galan na maganin ƙwari a jere a bango. Sandar ma an haɗa da ita. Zanen Rakiya kaɗai aka ninke aka ajiye masa a kan gado. Alhaji ya aiko cewa in yana son gadin yana nan, yanzu kuma ba sharaɗi, ya kwana duk inda ya ga dama. Haladu ya ce ya gode. Bai san wani wurin kwana ba.

Har yau yana can, in ji masu dako. A yammacin da ya dawo, motar riɗi ta shigo fili ana saukewa, ya ji hayaniya ya taka zuwa ramin leƙe kamar kullum. Ya kafa idon dama. Ya ji kuncin hagu yana tattarewa, sai ya sa yatsa ya riƙe fatar idon a buɗe, don ya yi wa kansa alkawari a mota ba zai ƙara barin sa ya rufe ba. Idon dama ya ga buhuna da mutane da sauran farin bangon can nesa. Na hagu ya ga bulo, dab da shi. Ya daɗe a tsaye a haka, yana jira ko za su haɗu.